Hagun Kawu

A takarda Kawu direba ne. A gaskiya kuwa, in ban yi kuskure ba, jifa ne ya riƙe shi a Jidda shekara da shekaru. Kamfanonin da ke da ma'aikata 'yan Filifin da Koriya suna da ƙungiyoyin besbol, wasan da mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, wani ya tare shi da sanda, in ya kuskure sau uku ya fita. Kawu bahago ne, su kuma bahagon mai jifa suke nema ido rufe. Hannun da ya sha duka a kansa yana yaro shi ya kai iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, kamfani shida, ko biyar. Shi dai shida yake cewa, kuma yana da hulunan ƙungiyoyin a rataye a ɗakinsa na unguwar Mahjar.

Shekarar da na gama jami'a kamfanin ƙarshe ya sallame shi. In bai sami sabon kafili da zai tsaya masa ba, sai gida. Wani kamfani ya ce ya zo gwaji ranar Juma'a da safe, ni kuma da nake nan Jidda aka tura ni tafinta, don Larabcin Kawu bai wuce na titi ba. Na kwana biyu ina haddar dokokin wasan, har da waɗanda ba wanda zai tambaya.

Da muka isa filin, mai kamfanin da kansa ya ɗauki sanda. Dattijo ne, gemu ja da lalle, carbi a aljihu. Kawu ya dube shi, ya mayar da ƙwallo hannun dama. Jifan farko ya daki tulun ruwa. Na biyu ya kori wata mage daga inuwa.

Na ruga wurinsa. "Kawu, lafiya? Hagu fa suke so!"

"Kai, digirinka bai koya maka ladabi ba? Sa'an babana ne. In miƙa masa abu da hagu?"

"Ai ba miƙawa ba ce, ina jin. Jifa ne."

"To ka ga ya fi muni."

Na koma wajen dattijon ina gumi, na yi masa bayani da Larabci, ina ta kewaye-kewaye. Ya yi dariya har sanda ta faɗi.

"Ce masa na yafe. Yalla, ya jefa!"

Kawu ya ce yafiya ɗaya ba ta isa jifa da yawa ba. Sai ya dafa ƙirji, ya rusuna, ya ce, "Afuwan, Baba, hagu ce," ya saki ƙwallon. Ban gan shi ba, ƙararsa kawai na ji a safar hannun mai cafewa a bayan dattijon. Ya sake neman afuwa, ya sake saki. Kafin na uku 'yan Filifin da ke filin duk sun ɗauka, suna rera "hagu ce" ba su san me suke faɗi ba. Dattijo ya kai wa iska duka, ya juya kamar mai rawa.

Ni da ba na ɗaga murya ko a aji, sai ga ni ina tsalle, takalmina ɗaya ya yi gaba.

"Halas, shi ke nan," in ji dattijon yana haki, ya dubi Kawu. "Kawo iƙamarka ranar Lahadi."

Ya ciro hular ƙungiya ya miƙa. Kawu ya goge tafinsa a riga, ya karɓa da hannun dama.