Dusar da Ta Jira Sa Hannun Oga

Mu huɗu ne a ofishinmu muka haɗa hannu muka sayi saniya a Dei-Dei, wai muna tanadin ritaya. Ni da abokan aikina biyu, sai Oga, daraktanmu, wanda shi ya fi kowa kaso, ya kuma fi kowa magana. Muka damƙa ta ga wani dattijon Bafulatani mai ruga a bayan Sheda. Saniyar fara ce sol, mai dogon ƙaho. Da ta ɗauki ciki har lemo muka raba a ofis.

Abin kunyar shi ne, sashenmu aikinsa ke nan: rubuta wa makiyaya shawara kan ciyar da shanu da rani. Ni da hannuna na rubuta cewa saniya mai ciki tana buƙatar dusa da angurya da kanwa a watanni ukun ƙarshe. Na karanta wannan a otal-otal, an tafa mini.

Da rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙone ƙurmus, dattijon ya kira ni a waya.

"Alhaji, saniyarku ta rame, cikin ya yi mata nauyi. Harawata ta ƙare. Ku aiko da dusa, ko buhu biyu ne."

Da mutum ne mai hankali, da ranar ya wuce kasuwa. Amma ni ɗan ofis ne, sai na kai wa Oga maganar. Ya ce dukiyar haɗaka ba a taɓa ta da ka, a kira mitin. Mitin na farko mutum ɗaya ya tafi ɗaurin aure. Na biyu muka ɓata shi kan gardamar dusar masara ko ta alkama. Ɗayanmu, wanda a Abuja ya koyi Hausa, ya ce, "Haba Oga, saniya ɗin nan ba zai mutu ba, ai su da yunwa sun saba." Muka yi dariya, har da ni.

Dattijon ya sake kira sau uku. Na ukun ban ɗauka ba, don ba ni da abin faɗa masa. Oga ya tafi taron bita, takardarmu ta neman izinin sayen dusar tana kan teburinsa.

Sai a mako na biyar ya turo saƙo cewa ya amince. Na loda buhu huɗu a mota, ina tafe ina jin kaina kamar mai kai agaji.

Na tarar da saniyar kwance a gindin ɗorawa, haƙarƙarinta a waje. Kwana biyu ke nan ta kasa tashi. Na ɗebi dusa a tafin hannuna na kai bakinta. Ta shinshina, ta kau da kai. Ban taɓa jin na raina kaina irin na ranar ba.

Dattijon bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Alhaji, ba da izini a sa wuƙa, kada ta zama mushe." Wannan izinin ni kaɗai na bayar.

Da aka farke cikin sai ga maraƙa, mace, gashinta ya gama fitowa. Dattijon ya ce saura bai fi kwana ashirin ba.

Ina tsaye a kanta na kira Oga na faɗa masa. Ya yi salati, ya ce haka Allah ya ƙaddara. Sannan ya ce, "Ka ajiye mini hanta da wutsiya, madam na son farfesu."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."