Injin Lamba Goma Sha Ɗaya

Anselmo Pedrotti ɗan ƙanwar babana ne, abokin wasana, kuma kaf garin Lobería, kai, kaf Ajantina ma, babu mai kunne irin nasa. Ba girma nake nufi ba, ko da yake nan ma Allah bai rage shi da komai ba, don kaji kan sha inuwa a ƙarƙashinsu. Ji nake nufi. Mota na wucewa ta bayan gari zai ajiye shayinsa na mate ya ce, "Bawul na uku ya gaji." A kwance injin, a tarar haka ne.

Shekara arba'in shi ke haɗa motar tseren garinmu. Ovidio mai gidan burodi ke tuƙawa, mu kuwa namu gashin nama ran Asabar, ihu ran Lahadi.

Anselmo bai iya ganin ƙarfe ya ƙyale shi ba. Wata shekara ya fere fistin da hannunsa har ya koma nauyin cokalin shayi. Muka ci tsere uku a jere, sai hukumar tseren yankinmu ta rubuta doka a kan nauyin fistin. Ya murɗe salansa kamar ƙahon rago, muka sake ci, suka sake rubutawa. Daga baya suka ce duk motar da ta zo ta ɗaya a ɗaura mata dalma kilo ashirin. Sai da tamu ta fi tirelar dankali nauyi.

Nakan ce masa, "Kai, ɗan Gwaggo, aji huɗu ka yi kamar ni, amma ka sa lauyoyi rubutu har yatsunsu sun kumbura."

Sai ya ce, "Bar su, sarkin surutu. Kafin tawadarsu ta bushe na ƙirƙiro wani."

Shekarar da ya cika sittin da tara 'yan hukumar suka gama da shi. Suka ce ƙananan garuruwa sun daina zuwa tsere saboda ba su da Anselmo nasu. Don haka hukuma ta sayo injuna iri ɗaya, ta ɗaure kowanne da waya da hatimin dalma. A jefa ƙuri'a, wanda ya faɗo maka shi ne naka, kuma ba ka da ikon buɗe shi. Ba zan yi musu ƙarya ba, motoci sun tashi daga tara zuwa ashirin da shida. Sai dai duk kukansu ɗaya, kamar kwaɗi a tafki.

Mu injin lamba goma sha ɗaya ya faɗo mana. Ana tayar da shi Anselmo ya yamutsa fuska, ya nufi Don Fermín, jami'in da ke buga hatimi.

"Don Fermín, injin nan ba shi da lafiya."

"Takarda ta ce lafiyarsa ƙalau."

"Takardar ce ta saurare shi?"

"Anselmo, canja mai da wanke filogi, shi ne naka. Kar ka ja min magana."

Tsere biyu muka zo na ashirin da wani abu. Ba wannan ya dame shi ba. Zagaya injin yake yi, hannu a baya, kamar kyanwa da tukunyar kifi a rufe. Abinci ya daina shigarsa. Mutumin da ke tashi da rabin saniya shi kaɗai!

Ran wata Alhamis da hantsi na leƙa gareji, na tarar da wayar hatimi a yanke, injin a baje a kan tebur, shi kuwa yana fito.

Na ce, "Wayyo, tsohon banza, ka kashe mu!"

Ya ce, "Miƙo min sifana goma sha uku, ka rufe min baki."

Da ya gama haɗa injin, da ƙafarsa ya kai wa Don Fermín hatimin da ya yanke. 'Yan hukuma suka sake kwance injin, suka auna komai har da noti. Bai ƙara komai ba, bai rage ba, kowane abu kawai ya zaunar a mazauninsa. Duk da haka suka hana shi kusantar motar tsere na shekara uku. Ovidio ya yi kuka, sannan ya nemi wani bakanike.

Injin kuwa suka sake buga masa hatimi, suka mayar cikin ƙuri'ar da ake sake jefawa lokaci-lokaci. Duk wanda ya samu goma sha ɗaya sai ya ci. Direbobi har kyandir suke kunnawa a coci a kansa. Tsere na biyar da ya ci, hukuma ta zauna ta ce wannan ba adalci ba ne, ta cire shi ta jefa a sito.

Ni na kai wa Anselmo labari. Na same shi yana gyaran famfon ban-ruwa, aikinsa ke nan yanzu. Tun daga hanya na shirya tsiyar da zan yi masa, da na gan shi duk ta gudu.

Bai ɗago ba. Can ya ce, "Sun dai rufe shi da tamfol? Siton nan yana yoyo."

Na ce sun rufe. Ban sani ba ko sun rufe.