Zangon da Ya Rage wa Kaka

Ƙarfe biyu da rabi na rana, jiya Talata, ina cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, a titin Faisal na Alƙahira. Mu huɗu ne: direba, mata biyu da kwandon cefane, sai ni. Bel ɗin injin ya ɗauki zafi, ƙaurin roba ya taso daga ƙarƙashin kujera. Matan suka toshe hanci. Ni kuwa na shaƙa sosai, domin haka saman benenmu yake ƙauri a shekarar da nake ɗan sha ɗaya.

Bari in ba ka labarin a jere, yadda ya faru.

Mu Hausawan Sudan ne. Baba ya kawo mu Alƙahira ina goye, ya kama ɗaki biyu a can saman bene, yana gyaran wayar mota a wani gareji. Muna tare da Kaka, mahaifiyarsa. An fito da ita daga ƙasar Hausa tana ƙarama, a bayan jaki, da niyyar aikin Hajji. Iyayenta suka tsaya noma a Sudan, ba su ci gaba ba, ba su koma ba.

A bazarar nan aka riƙa ɗauke wuta da tsakar rana. Da zarar fanka ta tsaya, sai numfashin Kaka ya fara fita da ƙyar. Mama ta yi ta yi mata fifita da kwali har hannunta ya sage.

Baba bai yi doguwar magana ba. Da farko ya kawo dinamon wata matacciyar mota, abin da 'yan Najeriya ke kira alteneta. Bayansa ya kawo tsohon keke, ya kafe shi a kan katako, ya cire tayar baya, ya zarga bel daga wilin zuwa kan dinamon. Sannan ya ɗaure fankar lagireto daidai fuskar Kaka. Na ƙarshe, tsohon batir da ɗan jan ƙwan fitila. Batirin ba ya riƙe wuta. Aikinsa kawai ya ɗanɗana wa dinamo 'yar kaɗan, domin dinamo ba ya bayarwa sai an fara ba shi. Idan ka tuƙa har jan ƙwan ya mutu, wuta ta kama ke nan, fanka za ta juya. Ka tsaya, ita ma ta tsaya.

Ya tsara mana aiki: Yaya, babbar 'yar'uwata, ta fara, idan ta gaji in karɓa. Mai tuƙi ba ya shan iskar.

Ranar farko da na hau, Kaka ta buɗe ido ɗaya ta dube ni.

“Maigida, ina za ka kai ni da wannan jakin ƙarfen naka?”

“Duk inda kike so, Kaka.”

“To, yalla, mu tafi. Gida za mu. Amma ka sani ba ni da ko sisin biyan ka.”

Ta rufe ido, mayafinta yana kaɗawa, ta fara kiran hanya. Muka bi bakin Nilu muka nufi Aswan. Muka shiga jirgin ruwa zuwa Halfa. Tana faɗar launin ƙasar kowane wuri, da abin da ake ci, da inda jakinsu ya taɓa ƙin tashi. Ina tuƙi, gumi yana shiga idona, sai rufin gidajen da ke gabana ya fara narkewa a cikin zafin rana. Faranten dish na talabijin suka zama kukoki. Tantabarun maƙwabta suka zama balbelu a bayan shanu. Dalar Giza ma, da ake hangowa can cikin hazo, ta koma wani dutse da za mu kwana a gindinsa.

Dokarta biyu ce. Ba a tsallake zango. Kuma da an kawo wuta, an sauke kaya sai wata rana.

Haka muka wuce Hartum, muka yi yamma ta Fashir, muka shiga Abeshe. Na taɓa cewa ta faɗa mini sunan garinsu tun yanzu.

Ta ce, “Mai gaggawa. Wane irin miji ne wannan? Idan mun isa za ka ji.”

Na tambayi Baba. Ya ce shi ma abin da ya sani kawai ƙasar Haɗeja. Sannan ya ce, “Ina jin ita ma nemansa take yi.”

Tun daga ranar na fara tuƙi da wani irin ƙarfi. Na riƙa karɓar layin Yaya. Mutanen unguwa suna addu'ar a kawo wuta, ni ina fatan a daɗe ba a kawo ba.

Muka ƙetare kogi a kwalekwale, muka kwana Maiduguri, muka wuce Nguru. Zafi ya fara sauƙi a lokacin. Wata la'asar muryarta ta canza, ta zama ta yarinya. Ta ce ga jar ƙasa. Ga rijiya a tsakanin tsamiya biyu, ɗaya ta karkata kamar tana leƙa ruwan. Ga mata suna dakan gero. Ta ɗaga hannu, leɓenta yana motsi, tana laluben kalma.

Sai fankar sama ta juya. Yara a ƙasa suka yi ihun murna.

Ban tsaya ba. Na ce mu ƙarasa.

Ta ce, “Khalas, shi ke nan, Maigida, sauko. An kawo wuta. Zango ɗaya ya rage, ba zai gudu ba.”

Bayan wannan ba a sake ɗauke wuta da rana ba a shekarar. Da sanyi ya shigo, Allah ya karɓi abarsa.

Yau a saman benen faifan sola ne da batir mai riƙe wuta. Fanka tana juyawa ba tare da kowa ya yi gumi ba, ba a kuma zuwa ko'ina. Dinamon yana ƙarƙashin gadona. Ni ban taɓa taka ƙasar Najeriya ba.

Saboda haka ga roƙona. Idan hanya ta bi da kai tsakanin Nguru da Haɗeja, ka ga rijiya a tsakanin tsamiya biyu, ɗaya a karkace, ka tsaya. Ka sha ruwan. Ka tambayi sunan garin, ka faɗe shi a fili yadda za a ji, sannan ka ce wa mutanen garin 'yarsu ta kusa isowa.