Littafin Baffa Bube da Tulun Inno

Waɗanda ke bakin wutar ranar su ne: Inno, kakata ta wajen uba, a kan 'yar kujerarta, mahaifina Ummaru, ɗanta na fari, ƙanensa Baffa Bube, Goggo Ige, wadda ta taso daga gidan mijinta a Shagari ba wanda ya aika mata, sai ni da yayata Kulu. Mahaifiyata tana ɗaki, amma tabarmar ƙofarta a ɗage take, don haka ita ma ku sa ta ciki.

Zamanin Nasara ne, a ƙauyenmu na ƙasar Bodinga, lokacin dashen albasa. Ana gama tuwo Inno kan hura karan dawa, mu yara mu kewaye ta. Maza ba su zama wurin tatsuniya. Da na ga Baba ya jawo buzunsa ya zauna, Baffa kuma ya raɓe jikin rumbu, na san tatsuniyar yau ba tamu ba ce.

Ga abin da ya kawo haka. Kuturta ta kama Baffa Bube tun yana saurayi, aka kai shi gidan kutare na 'yan mishan. Ya daɗe can. Ya dawo tabon ya dushe, yatsunsa sun ɗan lanƙwashe, da wani littafi mai baƙin bango a aljihu. Ya koyi karatun boko, yana karanta shi bayan rumbu. Bai ce ya bar salla ba, amma an fara neman shi a sahu ana rasawa. Goggo Ige ta zo da labarin cewa a Shagari har bakin rijiya ana ce mata 'yar'uwar Nasara. Da la'asar Baba ya tsare shi.

"Wa ya ce maka abin da ke ciki gaskiya na?"

"Shi ya hwaɗi, Yaya. Ya ce daga Allah yake."

"To gobe in rana ta hito, ko takardar ga ta shiga wuta, ko mai ita shi bar gidan ga."

Kuma mai irin ciwonsa in ya bar gidan ubansa, ba shi da wurin zuwa sai inda ya fito. Kowa ya san in ya koma can, ya tafi ke nan.

Inno ta ji duka. Sai dai Baba ɗan fari ne, kuma matan lokacin ba su wasa da kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. “Wancan” take ce masa. Ba ta da hanyar da za ta ce masa ya sassauta, sai ta bakinmu.

"Ga ta nan tahe," in ji ta.

Muka ce ta iso mu ji.

Wai fatake ne suka kwana a wani gari, suka tashi suka bar tulu a gindin tsamiya, an liƙe bakinsa da laka. Da mata suka zo wucewa sai tulun ya yi magana, ya ce zuma ce cikinsa. Aka kira mai gari. Mai gari ya ce wa zai shaide shi? A nan Inno ta kumbura kumatu ta yi muryar tulu: "Ni na shaidata. Wa ya san cikina in ba ni ba?" Kulu ta tuntsire da dariya, Goggo ta make ta.

Gari ya rabu. Wasu suka ce a fasa shi, tulun da ke yabon kansa ba na alheri ba ne. Wasu suka ce a ɗauka a kai ɗaki. Sai wata tsohuwa ta ce in aka fasa, in zuma ce ta zube a ƙasa, in mugun abu ne an sake shi cikin mutane. A daina tambayarsa, don abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa gobe. A ajiye shi a fili inda rana ke dukansa, a zauna a zuba ido a ga abin da zai zo ya sauka a kansa, ƙudan zuma ko ƙudan mushe.

Na ce, "Inno, me ya zo?"

"Ƙudan mushe," in ji Baba, yana kallon wuta.

Sai Baffa ya matso cikin haske. "Inno, na ji, kuma na yarda. Tulu ba ya shaidar kanai. To namu littahin hwa? Shi ma ai shi ya hwaɗi inda ya hito."

Goggo ta dafe ƙirji tana neman tsari. Baba ya miƙe tsaye, buzun ya biyo ƙafarsa.

"Kulu, ce ma wancan shi zamna," in ji Inno. Ya zauna. Ta juya ga Baffa, shi tana iya kallonsa. "Bube, ni ban san baƙi ba, na allo ko na Nasara. Namu ga bakin uwata na ji shi, ita ta ji ga ubanta. Na ga cinsu, na ga hushinsu, na ga yadda sunka mutu. Ni na wanke gawarta. Su na shaiduna."

"Ni kuwa, Inno, hannun da ya ba ni wanga shi ya wanke min gyambo da sahe da marece. Lokacin nan gidan ga an ware min ƙwaryata."

Inno ce da kanta ta ware masa ƙwaryar shan ruwa, ta ɗaura mata jan zare don kada mu ɗauka. Ta daɗe tana tura kara cikin wuta, kara ɗaya, har ya ƙone ya kai ga yatsunta. Sannan ta ce mu je mu kwanta. Ba ta rufe tatsuniyar ba. Tun da nake, ranar kaɗai ta yi haka, kuma na yi ta juyi a tabarma kamar an bar ƙofa a buɗe.

Yanzu na girmi Inno ta wancan lokacin. Jikokina suna cewa na cika sa ido, kuma ba su yi ƙarya ba. Mai neman aure ya zo ya ce shi mutumin kirki ne, ba na ji. Ina duban waɗanda ke zama da shi. Mai sayar da irin albasa ya rantse, sai na jiƙa tsumma na ƙulle kaɗan na ga ya tsiro. Har gobe ban yarda littafi ya tsaya shi kaɗai ya shaidi kansa ba. Addinina kuwa ina kansa, a kai zan mutu in Allah ya so. Amma maganar Baffa ba ta bar ni ba. Hannu mai kirki yana iya miƙa maka abin da ba daidai ba, wannan na sani. Na kuma san mu ne muka bar masa wurin da wani hannun ya shiga. Baffa ya rasu da daɗewa, ban san da me ya tafi a zuciyarsa ba. Na tambayi Inno ƙarshen tulun sau da yawa, sai ta ce ana nan ana kallo.

Washegarin daren tatsuniyar, da safe, ga abin da Inno ta yi. Tana idar da sallar asuba ta tashe ni, muka kwashe albasar da ke ɗan ɗakin da ke fuskantar ƙofarta. Ta share shi tas. Ta je da kanta ta naɗo tabarmar Baffa ta shimfiɗa a ciki. Littafin ta ɗauko shi da gefen zanenta, ta ajiye a kan tabarmar. Ta kawo ƙwaryarsa, ta tsinke jan zaren da haƙori, ta kife ta cikin namu. Sannan ta zauna bakin ƙofarta da mazari, fuskarta ga ɗakin.

Rana na fitowa sai ga Baba da garwashi a kasko. Ya tsaya tsakanin ɗakunan biyu. Inno ba ta ɗaga kai ba.

"Ke," ta ce mini, "karɓi wutar ga hannun wancan ki sa ga murhu. Kunu bai dahu ba."

Na je na miƙa hannu. Ya dube ni, ya dubi uwarsa tana kaɗi, ya ba ni kaskon.