Ni Na Yi Fassarar, Baba Direba Ya Sha Ɗauri

Assalamu alaikum, ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Na daɗe ina juya wata magana a cikina, yau na ga gara in fitar da ita tun ina da sauran numfashi.

A shekarar da fari ya sake afka wa ƙasarmu, lokacin mulki na hannun soja, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, sabon mushe, wato malamin makaranta, da aka turo daga Maraɗi zuwa wata lakwal, makarantar boko, a Yamai. Ina ji da Faransancina, ina kuma ji da bakina. Na kama ɗaki a unguwar Bukoki, a gidan wani dattijo mutumin Damagaram, direban kamiyon, babbar motar kaya ta gwamnati. Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna. Ba su taɓa ɗaukata ɗan haya ba, duk abin da aka dafa sai an ajiye mini kwanona. Aikin Baba a shekarar shi ne jigilar hatsin agaji zuwa garuruwan arewa, yakan yi kwana biyar ko shida a hanya kafin ya dawo. Gidan kuwa ya cika da danginsa da suka taso daga ƙauye bayan dabbobinsu sun ƙare: ƙannensa biyu da matansu da ƴaƴansu, da wata gwaggonsa da ba ta gani sosai. Tukunya ɗaya ke ciyar da su duka, kuma daga gumin Baba take fitowa.

Baba yana da tele, wato talabijin, mai hoto baƙi da fari, ita kaɗai ce a layinmu. Duk Asabar bayan magariba sai a fito da ita tsakar gida, maƙwabta su shigo da tabarminsu. Akwai wani fim mai dogon zango da ake nunawa, labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta ƙone, suka shiga wani ƙaton jirgi suna yawo tsakanin taurari, suna neman inda za su sauka. Kashin farko na kalle shi tun ina makarantar horon malamai, har na haddace maganganunsa. Da aka sanar za a fara sabon kashi, sati guda na yi ina ba kowa labari, har ɗalibaina. Da yake da Faransanci ake magana a ciki, ni na zama tafinta. Nakan zauna gefen tele a kan kujera, duk wanda ya yi magana a fim in juya ta da Hausa.

Sabon kashin bai zo yadda na zata ba. Tsohon shugaban jirgin mai furfura, wanda nake ƙauna, tun fitowar farko aka kulle shi a ɗaki, wani kwamanda mai ɗaurarriyar fuska ya karɓe jirgin. Matar da ke tuƙi, wadda a da ita ce gwarzuwar fim ɗin, sai a yi rabin awa ba ta buɗe baki ba. Babu faɗa da halittun wasu duniyoyi kamar da, sai taro, sai jawabi, sai rabon ruwa a ɗan kofi. Ni kam na ga zurfinsa, har ina ganin ya fi na farko hankali, amma ƴan kallo suka fara hamma. Mata na tashi tun ba a kai rabi ba. Wannan ya ƙona mini rai, domin na riga na saba idanu suna kaina.

Ana cikin haka, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna shan shayi mu biyu da Baba, sai ya buɗe mini cikinsa. Ya ce akwai wani wuri a hanya da ake sa su tsaya, a sauke wasu buhuna a mangazar wani mutum, wato ɗakin ajiyar kayansa, kafin su isa garin da aka aike su. Ya ce abin yana hana shi sukuni, domin da idonsa yake ganin mata suna tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Ya roƙe ni maganar ta tsaya tsakaninmu, na ce masa har abada.

Asabar da ta biyo baya Baba yana hanya. Kwamandan ya miƙe gaban mutanen jirgin yana bayanin cewa gyaran inji zai ɗauki kwana uku. Ni kuwa sai na ƙanƙance ido, na yi murya irin ta masu karanta sanarwa a rediyo, na ce: "Jama'a ku ƙara haƙuri, hatsi yana hanya, sai dai kamiyon zai ɗan biya ta mangazar surukina ya rage nauyi." Tsakar gida ta kece da dariya. Gwaggo ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Daga ranar na bar fassara na koma ƙaga magana. Mutane suka ninku, har daga wasu layuka ake zuwa, akwai ma wani da ke tsayawa baya yana juya wa ƴan uwansa da Zabarmanci. Inna ta same ni ina wanki ta ce mini baki shi ke yanka wuya, kuma in tuna gidan nan cike yake da mutanen da ba su da wurin zuwa. Na ce mata ai wasa ne. Da Baba ya dawo ya ji, bai ɗaga mini murya ba, ya ce dai in bari don Allah. Na yi alkawari, na kuma cika shi na sati ɗaya tak. Da aka fara kiran "Mushe, ina kwamanda?" sai na koma ruwa.

Wata Talata da safe ina tsakiyar darasi aka kira ni waje. Mutum biyu ne cikin kayan gida, suka sa ni a mota zuwa wani biro, ofishin hukuma da ba shi da allo a ƙofa. Wani mutum ya buɗe littafi ya karanto mini maganganuna ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta ɓace. Ya ce shi ma yana kallon fim ɗin da iyalinsa, bai taɓa jin an ambaci mangaza a ciki ba, saboda haka in faɗa masa inda na samo ta. Dole in faɗi gaskiya a nan: ko yatsa ba a ɗaga mini ba. Tambayata kawai ya yi ko mahaifiyata a Maraɗi ta san inda nake, da kuma ko ina son ci gaba da koyarwa. Nan take na kama sunan Baba. Ban tsaya nan ba, na ƙara da ƙarya, na ce shi ya sa ni in riƙa faɗa a gaban mutane. Aka rubuta, na sa hannu, kafin la'asar ina gida.

Washegari aka kama Baba a garejin da suke ajiye motoci, aka zo aka ɗauke telen. Ni kuwa na zauna cikin masu salati ina salati. Na ci tuwon Inna. Har rakiya na yi wa ƙannensa wurin neman labarinsa, ina yi musu tafinta. Wata biyu da ƴan kwanaki ya yi a tsare. Tukunya ta yi ta raguwa har ta kasa, ƙannensa suka kwashi iyalinsu da Gwaggo suka koma bayan gari, inda ƴan gudun yunwa suka kafa bukkoki. A can Gwaggo ta rasu, a can kuma ƙyanda ta ɗauke ƙaramar ɗiyar ɗayansu. Baba ya dawo a rame, babu aiki, kunnensa ɗaya ba ya ji. Ya gaishe ni kamar kullum. Ban iya haɗa ido da shi ba, na tattara kayana na koma unguwar Kalley, na ce wai ta fi kusa da lakwal.

Sai bayan na yi aure na haifi ƴaƴa na samu ƙarfin zuciyar nemansa. Na same shi da rana yana gadin wani kanti kusa da babbar kasuwa. Na durƙusa na fara magana, ya ɗaga mini hannu. Ya ce: "Mushe, tashi. Tun ranar farko suka karanta mini takardar da ka sa wa hannu. Ban faɗa wa Innarka ba har ta koma ga Allah, don kada ta yi baƙin cikin tuwon da ta ba ka. Nawa na yafe. Amma na waɗanda suka bar gidana ba su dawo ba, wannan ba ni da ikon yafe shi."

Yau na tsufa, na yi ritaya, Baba ma ya daɗe da rasuwa. Da can nakan ce wa kaina zamanin ne ya zo da tsoro, kowa ma zai iya yin abin da na yi. Amma tsoro bai sa ni ƙaga magana ba, son a yaba mini ne. Tsoro kuma bai nemi in ƙara ƙarya a kan gaskiya ba, ni na ƙara don in yi saurin fita. Ku matasa masu kaifin baki, kafin ku saki magana don a yi dariya, ku duba a gidan wa kuke zaune, kuma wa za a nema in ta fashe. Wanda ya ba ku amanar cikinsa, ku riƙe ta ko da za ta ƙona ku. In kuwa kun riga kun yi kuskure, ku je ku faɗa tun masu haƙƙin suna raye. Ni na makara, akwai mutum biyu, Gwaggo da yarinyar nan, da ba zan samu damar roƙonsu ba sai a gaban Allah.