Sunan da Na Ƙi Rubutawa

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, Allah shi ne shaida. Lokacin ina ɗinki a Agege cikin Ikko, kusa da layin dogo, shekara biyu da komawar soja bariki. Muna da ƙungiyar 'yan keke, mahauta ne da teloli da masu albasa, duk Lahadi da an sallame asuba sai mu hau mu zaga Ikeja, mu dawo ƙofar shagon shugabanmu Alhaji Mamuda mu sha koko, a faɗi wanda aka yi wa haihuwa, wanda aka rushe wa rumfa, wanda ya tattara ya koma Arewa. Sau ɗaya a shekara kuma a karanta sunayen 'yan ƙungiya da suka rasu a yi musu addu'a. Ni ne sakatare, takardar a hannuna take.

Shekarun nan mun sha wuya, yau rikici nan gobe can, takardar sai ƙara tsawo take. Akwai ɗan'uwanmu Idi, mutumin Maraɗi, yana sayar da tattasai a kasuwar Ketu. Ranar wani rikici ya fita da kekensa, shi ke nan. Mun bi asibitoci, mun leƙa ɗakunan ajiye gawa har na daina iya cin nama, ba shi ba keken. Matarsa Hadiza duk wata sai ta tsaya bakin shagona da goyo, ta ce, "Malam, ba labari?" Alhaji ya ce a sa shi cikin mamata, na ce ban ga gawa ba, hannuna ba zai rubuta ba.

Da ranar addu'a ta sake zagayowa, wallahi a gajiye na hau, duk an wuce an bar ni a baya. Rana ta fito sarai, motocin hayan nan da ake kira danfo na ta oda. Sai na ji keke a gefena yana ƙara ƙii, ƙii, irin ta fedar Idi da muke masa tsiya a kai. Na waiga. Shi ne! Ya rame, rigarsa duk ƙura, yana tuƙi bai ko dube ni ba.

"Sakatare," ya ce, "na gaji. Ka karanta sunana yau."

Na ce, "Idi, ina ka shiga? Hadiza na nemanka!"

Ya ce, "Ka dai karanta."

Wata danfo ta ratsa tsakaninmu, na taka burki har na kusa kifewa. Da ta wuce, titi ne kawai, sai wata mai agidi a bakin kwata. Na tambaye ta da Yarbanci ko ta ga mai keke, ta ce ni kaɗai ta gani ina surutu.

Na iso shagon Alhaji, ban gaya wa kowa ba. Aka gama labaran unguwa, na miƙe na karanta sunaye, da na kai ƙarshe na ce, "Da Idi Maraɗi." Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Ba a yi wata biyu ba Hadiza ta kwashe yaranta ta koma gida, ba ta ko yi mini sallama ba.

Har yau abin da yake hana ni sakat shi ne, ban san wa na gani ba. In matacce ne, to na sauke nauyi. In kuwa rayayye ne da hankalinsa ya gushe yake yawo a cikin Ikko, ni ne na sa aka daina nemansa.

Don Allah, in naku ya ɓace, ku yi masa addu'a ku kuma ci gaba da cigiya, kada ɗaya ta sa ku bar ɗaya.