Abin da Luba Mai Ƙuli Ta Ɓoye wa Surukinta

A ƙauyukan da ke kewaye da Minjibir, inda gonar wani ke jingine da dangar gidan wani, in ka ce Luba mai ƙuli ba sai ka ƙara bayani ba. Shekara ashirin ta yi tana suyar gyaɗa, ta aika niƙa, ta matse mai, ta murza tunkuza ta jefa a kasko. Mace ce mai faɗa, mai dariya, mai jiki. Mata sun sha tsokanarta cewa ita ke cinye ribar, ita kuma ta ce su zo su ƙwace. Amma jikin nan ba na jin daɗi ba ne. Ya kai ta ga sallah a zaune, ga ciwon suga, ga gwiwoyi da ba sa kai ta bakin murhu sai ta huta a hanya.

'Ya ɗaya Allah Ya ba ta, Tahira, matar Abdulkabir dillalin hatsi, kuma tana ɗauke da cikin fari wata bakwai. Abdulkabir ne ya tsaya tsayin daka ya yi ta kai surukarsa asibiti a Kano, har likitoci suka ce sai an yi mata tiyatar rage ƙiba. Shi ke karɓar kati, shi ke karanta mata takardu, don Luba ba ta yi boko ba. Tun da ya auri 'yarta ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba, sunansa ma ba ta kamawa.

Akwai abin da bai sani ba, Tahira ma ba ta sani ba. Luba ta taɓa samun taɓin hankali bayan haihuwa, lokacin suna zaune wajen Zakirai. Da ta warke marigayi mijinta ya kwashe su suka bar garin, aka binne maganar. Har yau kullum tana haɗiyar ƙwaya ɗaya, ta ce ta hawan jini ce. Ta san mutanenta sarai. Ranar da dangin Abdulkabir suka ji cewa akwai hauka a jinin matarsa, ba za su tsaya jin sauran bayani ba, kuma Tahira ce za ta ɗanɗana kuɗarta.

Ranar Talatar da za a sa musu ranar tiyata, aka shigar da su wajen wata likita, Maimunat, siririya mai gilashi. Abdulkabir ya zauna bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

"Inna, yaya cin abincinki yake?"

A gaban suruki! Luba ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ɗan kaɗan ne, likita. Koko da safe, sai tuwo loma biyar."

Likitar ta dube ta, ta dubi mutumin da ke bakin ƙofa. Ba baƙuwar al'ada ba ce, ta gane kunyar suruki ce. "Malam, ɗan ba mu wuri." Ya fita da sauri, da alama shi ma ya samu sauƙi.

"To, Inna, yanzu daga ni sai ke. Bayan tiyatar nan tumbinki ba zai wuce ƙaramin kofin shayi ba. In akwai yadda kike ci da ban sani ba, ɗinkin na iya ɓallewa. Ba kunya zan ba ki ba."

Luba ta daɗe tana murza gefen zane. Sannan ta faɗa, muryarta can ƙasa. Da hantsi, in maƙwabta sun watse gona, takan tura ƙofa ta zauna da sauran tuwon jiya da ƙuli da fura, ta yi ta ci har numfashi ya gagare ta. Ba yunwa ba ce. In ta gama ta yi kuka, ta wanke kwanukan kafin kowa ya leƙo.

Likita ta rubuta, ba ta ko yamutsa fuska ba. "Kin taɓa yin ciwon da ya shafi tunaninki? Rashin barci, jin muryoyi?"

"A'a."

"Maganin da kike sha kullum fa?"

"Na hawan jini ne."

"Mu gani."

Ƙwayoyin na ƙulle a bakin zanen Luba, ta ɓare su daga kwali tun a gida kamar yadda ta saba. Ba ta kwance ba.

"Inna, ki ji ni da kyau. In an rage tumbi, magani ba ya shiga jiki yadda ya saba. In akwai ciwon da ƙwayar nan ke dannewa, mu kuma ba mu sani ba, yana iya tasowa cikin 'yan makonni."

'Yan makonni. Luba ta lissafa, ta ga daidai lokacin da za a ɗora mata jika a cinya. Tsoro ya kama ta, irin wanda rabonta da shi shekara ashirin da biyu. Ta kwance ƙullin.

"Kwana tara da na haifi 'yata, wadda ke da ciki yanzu, barci ya ƙaurace mini," in ji ta. "Ina jin ana kirana, ana cewa in kai ta rijiya in wanke ta. A bakin rijiyar aka kama ni, tana hannuna. Wata uku na yi a asibiti."

Likita ta ce an ɗage tiyata sai likitan ƙwaƙwalwa ya gan ta an daidaita magani. Ta rubuta kati ta miƙa mata. "Daga bakina ba wanda zai ji. Amma ya kamata wani a gida ya sani. Kuma 'yarki, ba dole ba ne ya same ta, sai dai wani lokaci yakan bi jini. In an sa ido da wuri, ana tare shi."

A baranda Abdulkabir ya taso, ya russuna, ya miƙo hannu don karɓar kati kamar kullum. Luba ta damƙe shi. Tana iya cewa ya ɓace. Tana iya cewa ta fasa tiyatar, ta koma gida ta ci gaba da sallah a zaune, ba wanda zai tuhume ta. Sai dai ranar haihuwa shi ne zai kasance kusa da Tahira, ba ita ba.

Ta ba shi. Ya karanta, ya sake karantawa. Ta kau da kai wajen bango ta gaya masa komai, har rijiyar, ba ta rage ba.

"Tahira ta sani?" ya tambaya.

"Ba ta sani ba."

"Kwana nawa kika ce, Inna?"

"Tara."

Ya ninke katin ya sa a aljihun gaba.

"Innata ta ce a wajenta za a yi wankan jego. Zan ba ta haƙuri. Wajenki zan kawo Tahira, Inna, ke ce kika san alamar ciwon."